Sauron Garken Barau

Kaduna, Fabrairu 1971

Zuwa ga Kawuna Malam Gwadabe, Toranke.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kana lafiya, da Gwaggo Gaji, da jikarku Fadima sarkin surutu. Ni lafiya lau nake, sai ɗan tari da sanyin bana ya bar min.

Kawu, ka tuna da na zo hutu kuna cirar gyaɗa, na yi ta bin ɗakuna da bututun roba ina zuƙe sauro daga jikin bango, Gwaggo tana cewa boko ya gama da yaron nan? Ka ce in na gama dubawa in rubuto maka abin da na gani. To ga shi.

A ido, sauron da ke kawo zazzaɓi a ƙasarmu duk ɗaya ne. Ko malaminmu Bature ba ya iya raba su da kallo. Ashe kamar tagwaye ne, fuska ɗaya, hali daban. Ga yadda muke gane su. Macen sauro in ta sha jini ƙwai ya fara kama ta, sai mu ciro jakar ƙwan da bakin allura, mu ɗiga mata rini, mu danne ta tsakanin gilashi biyu, mu sa a madubin da ke ƙara girman abu. Abin da za ka gani wasu igiyoyi ne masu ratsin duhu da haske, kamar gwado ɗan saƙa. Turawa kuromosom suke ce musu. Allah ya sa su a jikin kowane mai rai, su ke ɗauke da gadon halitta daga uwa da uba. Kowane irin sauro da yadda ratsinsa ya jeru. A wani irin sai ka ga wani yanki na igiyar ya juya, kai ya koma ƙafa. Da wannan muke raba su.

Iri biyu na samu a Toranke. Wanda na kamo a rumfar garken Baffa Barau, yawancinsa irin da ke bin shanu ne. Inda shanu suke, nan yake taruwa, shi ma kuwa yana ɗaukar zazzaɓi. Na ɗakinka kuwa, Kawu, kada ka ji haushi, ɗaya irin ne, wanda ya fi son jinin mutum, ya ci a ɗaka ya wuni a ɗaka. Shi ne mugun. A duk gidajen da na shiga ba inda na same shi da yawa kamar ɗakinka, ina jin saboda kududdufin bayan gida.

Malaminmu ya duba gilasan Toranke ya ce aikin ya yi tsabta. Ka gaida min Baffa Barau da Innata Hure. Ka ce mata man shanun da ta ɗaure min ya ƙare tuntuni.

Ɗanka,
Ja'afaru


Toranke, Maris 1971

Takarda ta fito daga hannun Gwadabe zuwa ga ɗana Ja'afaru. Gaisuwa da so da yarda da aminci. Bayan haka, muna lafiya, sai zafi da ya fara shigowa. Gaji tana nan da ciwon ƙugunta. Fadima ta zubar da haƙoran gaba, amma bakin bai rage ba.

Takardarka ta zo a hannun Ɗantani direba ranar kasuwar Ajingi. Na karanta na sake karantawa. Na tuna mahaifiyarka Hanne, Allah ya jiƙanta. Kakanmu ɗaya da ita, da tana raye da ta ga abin da ta haifa. Na kai wa Hure gaisuwarka. Ta ce ba mamaki, jinjirin da ta karɓa ta shayar bayan rasuwar uwarsa ba zai tashi daƙiƙi ba. Barau kuwa ya yi dariya har da tari, ya ce ashe sauron garkensa ya riga shi ganin Kaduna.

Ranar Juma'a da la'asar na kai takardar ƙofar dagaci. Ka san ni, tun da na yi yaƙi da jahilci ba abin da ake miƙo min in karanta sai takardar haraji. Wannan karon wuri ya yi tsit kamar ana huɗuba. Na karanta musu wuraren da suka kamace su. Da na zo kan igiya mai ratsi, Liman ya girgiza kai ya ce tsarki ya tabbata ga wanda ya yi saƙa a cikin cikin sauro. Dagaci ya gusa ya ce in hawo tabarma kusa da shi. Ɗana, ga furfura ta cika min gemu, ban taɓa zama a wurin ba sai ta dalilinka.

Kabo, wanda gonarsa ke jikin garken Barau, ya ce in maimaita wurin shanu. Na maimaita. Ka san zazzaɓin bara ya kwashi yara a garin nan, har da ɗan autansa. Ya ce in tambaye ka, wai da gaske ne inda shanu suke nan sauro yake taruwa? Ka ba shi amsa, don ya matsa min.

Haza wasalam.


Kaduna, Afrilu 1971

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. A tsaye nake rubutun nan. Gobe mota za ta kwashe mu zuwa ƙauyukan bakin Binuwai, can za mu yi damina muna kamun sauro. Ba gidan waya a inda za mu sauka, saboda haka in kun ji ni shiru kada ku damu, sai kaka.

Labarin tabarmar dagaci ya sa na wuni ina murmushi, har na karanta wa abokan aikina wurin.

Tambayar Malam Kabo kuwa, ƙwarai haka ne, ba shakka a ciki. Irin nan warin shanu ke jawo shi daga nesa. Ka ce masa ya fahimci karatun, na kuma ji daɗi da manomi ya yi irin wannan tambaya.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ja'afaru


Toranke, Yuni 1971

Daga Gwadabe zuwa ga ɗana Ja'afaru. Gaisuwa da aminci. Ruwa ya sauka, mun yi shuka, gero ya tsiro da kyau. Jiki lafiya, amma gari ba lafiya. Na san ka ce ba ka Kaduna, duk da haka na rubuto, ko Allah zai sa wani ya kai maka.

Na ba Kabo amsarka. Tun daga ranar bai zauna ba. Gida-gida ya bi, musamman inda aka yi rashin yara bara, yana cewa ga abin da ya kashe su, ga kuma damina ta sake tahowa. Dama tsakaninsa da Barau akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya tun shekarar da maraƙi ya shiga masa gyaɗa. Makon jiya dagaci ya tara gari ya kira Barau.

Barau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan aka binne cibiyata. Ubana ya yi kiwo a wurin nan har ya mutu, ban taɓa jin an ce saniya ta kashe ɗan mutum ba."

Kabo ya ce, "Zamanin ubanka ba madubi. Kuma ba baƙo ya faɗa ba, ɗan da matarka ta goya ne."

Dagaci ya juyo ya ce, "Malam Gwadabe, kai ka karanta. Me takarda ta ce?"

Duk idon gari ya dawo kaina. Na ce abin da ke rubuce ke nan, inda shanu suke nan yake taruwa. Dagaci ya ce ran yara ya fi garke, Barau ya nemi wuri kafin tsayuwar wata. Barau ya ce to. Ya ɗauki sandarsa ya wuce ta gabana, bai dube ni ba. Mutumin da muka yi kiwon awaki tare muna yara.

Ɗana, ka rubuto da gaggawa. Abin da kake nufi ke nan, a tashi garken? Idan haka ilimi ya ce, shi ke nan, ba ni da ta cewa. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Gaji ba ta yi min magana ba tun ranar, sai dai ta ajiye tuwo ta juya.

Haza wasalam.


Toranke, Satumba 1971

Daga Gwadabe zuwa ga Ja'afaru. Gaisuwa. Ban ji daga gare ka ba. Ban sani ba ko waccan ta same ka kana fushi, ko tana can a ajiye.

Barau ya tashi. Da sassafe suka kora shanun, ya bar geronsa a gona ya kai gwiwa. Kademi suka nufa, wajen wan Hure. An ce maruƙa biyu sun mutu a hanya. Ba wanda ya fito rakiya. Ni ina laɓe bayan rumbu ina kallo, kamar ɓarawo a gidan kansa. Hure ta tsaya a ƙofarmu ta sauke turminta, ta ce ya yi mata nauyi. Ta ce wa Gaji, "Ajiye shi. In ɗan namu ya zo hutu kya daka masa fura." Gaji ta fashe da kuka, ita kuwa ko ɗigo.

Zazzaɓi bai ragu ba, Ja'afaru. Ƙaruwa ya yi. Gidajen da ke kusa da tsohon garken su suka fi kwanciya. Fadima ta suma a hannunmu, Ɗantani ya taimaka ya kai mu asibitin Gaya a bayan mota. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ta zama kamar karan dawa, surutun ma babu. Yanzu kuma magana ta juya, wai Barau asiri ya binne kafin ya tafi.

Akwai abin da ban gaya maka ba, ya kuma hana ni cin abinci. Ranar da na fara karanta takardarka a ƙofar dagaci, ban karanta duka ba. Da na gama wurin garken Barau, idona ya sauka kan wurin da ka ce mugun irin a ɗakina ya fi yawa. Ga ni ana kallona da girma, ga dagaci yana gusawa. In buɗe baki in ce ɗakin Gwadabe mai karatu shi ne matattarar sauro, da kududdufin da na haƙa da hannuna na yi tubali? Na tsallake, na wuce kan gaisuwa. Ranar da aka kira Barau ma takardar tana aljihuna. Ina jin tsininta a ƙirjina. Da na zaro ta na karanta layi uku ɗin nan, da magana ta canza. Bakina ya yi nauyi, don sai an tambaye ni dalilin da ban karanta tun farko ba.

Ban san da wane ido zan dube ka ba. Ka gaya min gaskiya ko da ɗaci.

Wasalam.


Kaduna, Nuwamba 1971

Kawu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya muka dawo, na tarar da takardunka biyu a kan teburina. Ban cire takalmi ba na karanta su. Ina fatan jikin Fadima ya ƙara kyau. Ka ce da Gwaggo ina gaishe ta, in za ta amsa.

A'a, Kawu. Ba haka nake nufi ba. Ko kusa.

Irin nan mai bin shanu, in akwai shanu a kusa, da yawansa a jikinsu yake ƙoshi ya ƙyale mutane. Saniya kuwa zazzaɓinmu ba ya kama ta. In aka ɗauke shanun, sauron ba ya bin su Kademi. Yana nan inda ruwansa yake, ga yunwa, sai ya shiga ɗaki. Ba zan rantse ba cewa tashin garken ne ya ƙara ciwon bana, domin damina ba ta zama ɗaya da 'yar'uwarta, ban kuma kama sauro a Toranke bana na duba ba. Amma in akwai abin da shanun Baffa suke yi wa gari, tsari ne, ba cuta ba.

Na san wannan tun ranar da na rubuta maka ta farko. Ban sa ba, saboda hankalina yana kan igiya da ratsi. So nake a ce Ja'afaru yana ganin abin da ido ba ya gani. Da Malam Kabo ya yi tambaya, mutumin da ya binne ɗansa, wanda gonarsa ke jikin garke, ban tsaya na ce me ya sa yake tambaya ba. Na ba shi amsa a tsaye, har da yabo. A wurin aiki, kafin in ce sauro ɗaya irin kaza ne, sai na bi ratsinsa ɗaya bayan ɗaya, na kira wani ya sake dubawa. Maganar da ta shafi gidan da aka shayar da ni kuwa, ko sake karantawa ban yi ba.

Saboda haka kada ka ɗauki kayan kai kaɗai. Kai ka tsallake layi, ni kuwa ban ma rubuta nawa ba.

Roƙo ɗaya nake yi. Ka kai wannan takarda ƙofar dagaci ka karanta ta daga farko har ƙarshe, har da wurin da na faɗi laifina. Ka haɗa da ta farkon, duka. Na san abin da nake ɗora maka.

Yau na zauna gaban madubi na kasa ganin komai. Na nemi hutu, sun ce sai bayan sabuwar shekara.

Ɗanka,
Ja'afaru


Toranke, Disamba 1971

Daga Gwadabe zuwa ga ɗana Ja'afaru. Gaisuwa da aminci. Fadima ta fara cin tuwo, jiya har ta yi wa kakarta rashin kunya, muka ce alhamdu lillahi.

Na karanta. A tsaye na karanta su biyun a ƙofar dagaci, ban hau tabarmar kowa ba. Da na zo kan maganar ɗakina, wasu samari daga baya suka yi dariya. Na ce wannan wurin yana cikin takardar tun farko, ni na ɓoye. Liman ya sunkuyar da kai ya ce an zalunci bawan Allah, kuma da mu aka yi. Dagaci ya yi ta shafa gemu, can ya ce ai ba wanda ya hana Barau dawowa.

Kabo ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce, "Halin boko ke nan, yau fari gobe baƙi. Wa ya san abin da takarda ta gaba za ta ce?" Mutane da yawa suka gyaɗa kai.

In ma Barau ya dawo, ina zai sa shanun? Ban gaya maka ba, ko sati ba su yi da tashi ba Kabo ya ture shingen ya dasa dawa a makwancin. Wurin da shanu suka kwana tun zamanin uban Barau, ka san irin takin da ke nan. Ba a taɓa ganin dawa irinta a Toranke ba. Kafin takardarka ta zo ya aiko min da dami guda, wai na gode wa malam. Yana nan a zaure. Gaji ta ce ba zai shiga turmin Hure ba, ba zai shiga rumbunta ba. Kaji ke ci.

Na fara cike kududdufin. Yara in sun gan ni da kwando sai su ce ga Gwadabe mai sauro. Ban hana su ba.

Kademi kuwa ban je ba. Nakan shirya, in na kai bakin gari ƙafa ta ƙi.

Haza wasalam.


Kaduna, Janairu 1972

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗin labarin Fadima. Ka yafe min, na zo ƙasarmu na koma ban taka Toranke ba. Na sauka a Gaya, na ari keke na tafi Kademi. Na yi niyyar in ɓullo ta wajenku, na kasa.

Suna bayan gari, a wani fako mai ƙaya, nesa da rijiya. Garken ya ragu. Inna na tsugune tana wanke ƙwarya ta ɗago ta gan ni. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ja'afaru, ka rame." Ta shimfiɗa min tabarma, na ƙi hawa, na durƙusa a ƙasa.

Da yamma Baffa ya dawo daga kiwo. Ya amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya. Sannan ya dubi jakata ya ce, "Wannan karon ba ka zo da bututun ba?" Na ce a'a. Ya ce, "Madalla. Don nan Kademi ma akwai masu karatu." Bai yi dariya ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na faɗa musu komai, abin da na rubuta da abin da ban rubuta ba. Inna ta ce, "Nuna min abin." Na zo da hoton da aka ɗauka ta cikin madubi, na igiyoyin sauron garkensu. Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta kai shi wajen haske, ta yi ta juya shi.

Ta ce, "Wannan ɗan zaren ne ya tashe mu?"

Na ce, "A'a, Inna. Ni ne."

Ta ce, "Na sani. Zare ba shi da baki." Ta miƙo min hoton. "Ba tashin ne ya ci min rai ba, ɗan nan. Kafin mu taso, matan da na yi shekaru ina kai wa nono, in na yi sallama sai in ji ana jan yara ana shigar da su ɗaki."

Na roƙi Baffa su koma, na ce an karanta gaskiya a ƙofar dagaci, Liman ya ce an zalunce su. Ya ce ya ji labari a kasuwar Gaya. Ya zana ƙasa da sanda, sannan ya ce, "Saniya in aka kore ta daga rijiya gobe za ta koma, don dabba ce."

Na kwana a wurinsu. Inna ta dama min fura da kanta, ta tsaya a kaina sai da na shanye, kamar da. Da ma zagina ta yi.

Da zan hau keke Baffa ya ce, "Yaya Gwadabe? An ce shi kaɗai yake jidar ƙasa, ga shi ba yaro ba." Iyakar abin da ya ce ke nan, amma shi ya fara ambaton sunanka, ba ni ba. Kawu, ka je.

Ni kuma na koma gaban madubi. Aikin gaskiya ne, zai kuma yi amfani wata rana in Allah ya so. Sai dai yanzu in na raba irin sauro, nakan tambayi kaina wa zai ji, me kuma zai yi da shi.

Ɗanka,
Ja'afaru


Toranke, Maris 1972

Takarda ta fito daga hannun Gwadabe zuwa ga ɗana Ja'afaru. Gaisuwa da so da yarda da aminci. Muna lafiya. Gaji ta ce a gaishe ka, wannan karon da bakinta ta faɗa.

Na je. A ƙafa na tafi, don na ga bai kamata in isa ƙofar Barau a kan jaki ba. Tun daga gida nake jera abin da zan faɗa, ina maimaitawa kamar mai tilawa.

Ya hango ni daga nesa ya taso ya tarye ni, ya karɓi sandata. Ya ce, "Hure, ga Malam Gwadabe." Da can Gwadabe kawai yake ce min, ko ya ce kai ɗan nema. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Aka kama zakara aka yanka, ina cewa a bari, ba wanda ya saurare ni. Duk lokacin da na gyara murya na ce Barau, abin da ya kawo ni, sai ya ce a ƙaro wa baƙo nono, ko ya tambayi gyaɗar bana, ko ya tambaya ko wane da wane suna raye. Haka muka wuni. Ban taɓa cin naman da ya tsaya min a wuya irin wannan ba. Hure ta tambayi Gaji da Fadima, ta ɗaure musu man shanu. Ba wanda ya ambaci sauro.

Da la'asar na yi sallama. Ya ɗauki sandarsa ya ce zai taka min. Muka wuce rijiya, muka wuce gonakin bayan gari, ina cewa ya isa, yana cewa mu ƙara. Irin rakiyar da ake yi wa babban baƙo, wanda ba a san ranar dawowarsa ba. Sai da muka kai mararrabar hanyar Gaya ya tsaya.

Na durƙusa a kan turba da tsufana na ce, "Barau, don Allah."

Ya kamo kafaɗata ya tashe ni. Ya ce, "Tashi, kada masu wucewa su gani. Na yafe maka tun da damina, don ba na son in je kabari da kayan wani a kaina. Yaron ma na yafe masa, yaro ne. Amma yafiya daban, maƙwabtaka daban."

Ya dubi hanyar da zan bi, ya daɗe yana kallonta, har na zaci zai ce wani abu a kan gari. Sai ya ce, "Da Kabo ne kaɗai, Gwadabe, da ko ciwon kai ban yi ba."

Ya miƙo min hannu muka yi musabaha, ya ce in gaida mutanen Toranke. Ya juya ya kama hanyar garkensa yana dogara sanda. Bai waiwayo ba. Ni na yi ta waiwaye har kargo ya rufe shi.

Haza wasalam.